Zafin nan har aljihu yake taɓawa

Wani labari ya ce 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye bayanan yanayi, har ƙarin zafin duniya a kan na kafin zamanin masana'antu ya haura digiri 1.5 ɗin da ƙasashe suka ce za su yi ƙoƙarin kada a wuce a taron birnin Paris na 2015. Ni kam a jikina na ji. Da daddare fanka iskar zafi take hurawa, ƙaramin ɗana ya farka sharkaf da gumi yana kuka, da safe in fita aiki ido jajir. Kuɗin wuta ya ƙaru, fari ya cinye amfanin gona, kayan abinci suka yi tashin gwauron zabi, albashi kuwa ko motsi. Masu taron kuma, wallahi, a ɗakuna masu sanyi suke tattaunawarsu.