Idan Gida Ya Yi wa Yaro Zafi, Ina Zai Gudu?

Iyaye 'yan'uwana, kullum kukanmu ɗaya ne: yaro ya maƙale wa waya, ƙarfe 2 na dare haskenta na fitowa ta ƙarƙashin bargo, da asuba a yi ta tashinsa ya kasa. Gaskiya ne, abin da ciwo. Amma kafin ka ɗaga hannu, yaushe rabonka da yi masa maganar da ba tsawa ba?

"Wawa." "Dubi ɗan wane." "Ba za ka taɓa zama komai ba." Ya dawo daga makaranta, bai ko ajiye jaka ba an rufe shi da faɗa. Yarinya ta tsaya a bakin ƙofa tana murza yatsu, akwai abin da ke cin ranta, ke kuma uwa ko ɗago kai ba ki yi ba kika ce "ɓace mini da gani." To wa za ta faɗa wa? Waya ba ta hararar ta. A can wani baƙo da ba ki san tarbiyyarsa ba zai saurare ta har tsakar dare.

Su kuma TikTok da Instagram da gangan aka tsara su, wannan bidiyo na ƙarewa wani na faɗowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta saka jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka. Babba mai natsuwa yana shan wuyar ajiye wayar, balle matashin da zuciyarsa ke ƙuna.

Sai ka ƙwace, ka haɗa da duka. Bai daina ba wallahi, ɓoyewa ya koya: ya goge saƙonni, ya sauya lambar sirri, ya ari ta aboki.

Ban ce kada a sa doka ba. A sa, a hana waya lokacin barci, mu ma mu ajiye tamu. Amma Annabi (SAW) kansa, Allah Ya ce masa da ya kasance mai kaushin hali da taurin zuciya, da mutane sun watse daga gare shi. Anas ya yi masa hidima shekara 10, bai taɓa ce masa "tir" ba. Mu fa? Ɗan cikinmu ko rana ɗaya ba ya tsira daga bakinmu.

Don Allah, baba, yau ka kira shi da sunansa cikin taushi, ka zaunar da shi kusa da kai. Ka bari ya gama maganarsa. Don Allah ka bari ya gama.