Bindiga mai jigida ta alminiyam a garejin maƙwabcina

Shekara huɗu ke nan ina zaune kusa da Dayton, a jihar Ohio ta Amurka, garin 'yan'uwan nan biyu, su Wright, waɗanda suka fara tashi da jirgi mai inji a 1903. A layinmu akwai wani dattijo, tsohon makanike, wanda motarsa ke kwana a waje ko ana zuba ƙanƙara, saboda jirgin sama ya cinye masa gareji. Da hannunsa yake ƙera shi. Kwaikwayon Fokker Dr.I ne, jirgin Jamus mai fukafukai hawa uku na Yaƙin Duniya na Ɗaya, irin wanda Manfred von Richthofen ya yi suna da shi kafin a kashe shi a Afrilun 1918.

Ranar da ya fara kira na in taya shi ɗaga fiffike, ina shiga sai na ga bindigogi biyu masu jigida a kan teburinsa. Gabana ya faɗi. Ni mutumin Arewa ne. Wanda ya baro gida a 'yan shekarun nan ya san abin da kalmar 'yan bindiga ta koma a bakinmu, ya san waɗanda aka raba da gonakinsu a Zamfara da Katsina. Dattijon ya lura da fuskata, sai ya ɗauki guda da yatsu biyu ya miƙo min. Ba ta kai nauyin butar alwala cike da ruwa ba. Bututun alminiyam ne, gindinta kuma siririn katako da aka shafe da baƙin fenti. Babu wurin sa harsashi, babu komai a cikinta.

Ban saki jiki ba duk da haka. Na koma gida ina tambayar kaina me zai sa mutum mai jikoki ya ɓata watanni yana ƙawata kayan kisa.

Sai da na yi ta zuwa garejin sannan na gane aikin. Bindigar asali, wadda ake kira Spandau, tana da riga mai tsagogi da yawa kewaye da bakinta domin iska ta sanyaya ta. Waɗannan tsagogin yake yankawa ɗaya bayan ɗaya. Ya naɗe bututun da takardar da ya zana, ya huda da na'ura, sannan ya bi kowace tsaga da zarto ƙarami har gefenta ya yi sumul. Na ga ya jefar da bututu guda saboda layi ɗaya ya karkace, abin da ni ko da an nuna min da kyar na gani. Yana aiki yana duba tsofaffin hotuna da gilashin ƙara girma. Dalilin rashin nauyin kuwa ba ƙwauro ba ne. Ta gaske ta haura kilo 10, kuma biyu ake ɗorawa a gaban matuƙi, alhali jirgin gareji kowane kilo sai an yi lissafinsa. Ga doka: tun 1986 Amurka ta rufe rajistar sababbin bindigogi masu sarrafa kansu ga farar hula. Wasu maginan sukan sa wata na'ura mai aiki da iskar gas wadda ke ba da ƙara da walƙiya a wurin baje koli. Shi bai so. Ya ce siffar ta ishe shi.

Da na tambaye shi me ya sa ba zai bar jirgin haka nan ba, sai ya ce jirgin nan saboda bindigar aka yi shi, wanda ya cire ta ya ɓoye wa yara gaskiyar abin da ya faru. Na juya maganar na ga tana da tushe. A farkon yaƙin babbar matsalar ita ce yadda za a yi harbi ta gaba ba tare da an farfasa farfela ba. A Afrilun 1915 wani Bafaranshe, Roland Garros, ya sa wa farfelarsa ƙarafa masu kawar da harsashi. Jirginsa ya sauka a hannun Jamusawa, kuma ba a jima ba kamfanin Anthony Fokker ya fito da na'urar da ke daidaita harbi da juyawar farfela. Daga nan sama ta zama fagen fama. Jirgin Ingila Sopwith Camel ma sunansa na raƙumi daga bindiga ya samo shi, saboda murfin da ya rufe gindin bindigoginsa ƙirar Vickers guda biyu ya yi kama da tozo. Dr.I kuwa kusan 320 aka ƙera, kuma babu ko ɗaya na asali da ya rage cikakke. Duk wanda ka gani yana tashi yau, wani ne ya sake ƙera shi.

Na yarda da shi a nan, amma da sharaɗi. Abin da ya ba Amurkawa damar kallon bindiga a matsayin tarihi shi ne yaƙin nan ya wuce da shekara fiye da 100, kuma ba a ƙofar gidansu aka yi shi ba. Mu namu ciwon ɗanye ne. Mun san bindigar ado, ai duk wanda ya tsaya kallon hawan Sallah a Kano ko Zazzau ya ji amon bindigar toka, ya shaƙi hayaƙin albarushi, mata na guɗa. Amma mai jigida daban ce. Da na tura wa kawuna hoton, shi da ya yi shekara talatin yana walda a Panteka ta Kaduna, sai ya kira ni nan take. Ya ce, “Kai yaro, goge wannan daga wayarka kafin ka zo gida. In aka tare ka a hanya, wa zai tsaya sauraron cewa ta katako ce?” Na ce, “To Kawu, na ji.” Kuma na goge. Gaskiya ya faɗa, ba zan so wani maƙeri a gida ya kwaikwayi wannan ba a halin da ake ciki.

Abin da ke ci min rai daban ne. Hannun Kawu bai gaza na dattijon nan da komai ba. Na sha ganin ya kalli injin niƙa sau ɗaya ya ƙera irinsa da tarkacen ƙarfe. Bambancin shi ne a nan doka ta buɗe wa mai ƙira ƙofa. In kai ka yi mafi yawan aikin da hannunka, jami'in hukumar jiragen sama zai zo ya duba, ya ba ka takardar tashi a matsayin jirgin gwaji, ka cika awoyin gwajin da aka yanka maka. Akwai ƙungiyar masu wannan sana'a, EAA, tun 1953, kuma duk ƙarshen Yuli dubban jirage ke haɗuwa a taronta na garin Oshkosh. A wurinmu, a 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic, jaridun duniya suka ɗauka, aka yi ta sa masa albarka. Irin wannan yaron jagora yake buƙata da filin gwaji, fiye da tafi.

Kuma ba baƙi ba ne mu a harkar nan. A Nuwamban 1925 jiragen sojan Ingila uku ƙirar DH.9A suka taso daga Masar suka sauka a Kano, jirage na zamani ɗaya da wanda ke garejin nan. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya tana nan tun 1964. Jirgin Air Beetle da aka harhaɗa wa sojan saman Najeriya a Kaduna, guda 60, asalinsa RV-6A ne, jirgin da Amurkawa ke haɗawa a gareji. Ina son in ga ranar da za a sake ƙera DH.9A a Kano, a ajiye shi inda ɗalibai za su taɓa shi, da bindigoginsa na alminiyam idan ƙasa ta lafa.

Makon jiya na tura wa Kawu zanen haƙarƙarin fiffike da zanen tayar jirgin, da izinin dattijon. Bayan kwana biyu ya kira ni da asuba, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce in tambayo masa kaurin bututun da aka yi gangar jikin da shi, da kuma irin waldar da ake yi masa.