Amin ɗin Mama

Tun ranar Laraba sakataren ikilisiya ya ce ni zan yi addu'ar rufe sujada. Kun san wadda take zama a layin gaba na mawaƙa, kun kuma san babanta dattijon ikilisiya ne, to ba sai na yi dogon bayani ba. Na tsara addu'a na haddace, har da wuraren da murya za ta ɗan yi rawa.

Ran Lahadi Fasto yana wa'azi, ni ina bitar abina a zuci. Na dai ji an ce a buɗe Luka sura 18, na buɗe na ɗora a cinya. Ashe aya 9 zuwa 14 ce, labarin Bafarisiyen nan da ya tsaya a Haikali yana gode wa Allah wai shi ba kamar sauran mutane yake ba, yana azumi sau biyu a mako, yana ba da zakka, mai karɓar haraji kuwa yana can nesa, ko ido bai iya ɗagawa sama ba, sai bugun ƙirji da roƙon jinƙai. Har Matiyu 6 Fasto ya taɓo, maganar masu addu'a don mutane su gan su. Duk wannan a bakin ƙanwata na ji, bayan an tashi.

Aka kira ni. Na gyara babbar riga, na karɓi makirufo, na rufe ido.

"Ya Allah, na gode maka da ka ba ni ƙarfin yin azumi a makon nan, alhali wasu matasa suna kwana a gidan kallon ƙwallo."

Wani ya yi tari a bencin baya. Na ce a raina, magana ta fara shiga. Na wuce kan zakka, na tuna wa Ubangiji cewa ban taɓa tsallake wata ba. Tarin ya yaɗu har cikin mawaƙa. Na ɗaga hannu, na saki muryar nan mai rawa: "Allah na Ibrahim, Allah na Ishaku..." Na tsaya jan numfashi kawai, jama'a, numfashi.

"Cikin sunan Yesu, AMIN!"

Mama ce, ta Zumuntar Mata. Majami'a gaba ɗaya ta amsa kamar mutanen da aka sauke wa buhu daga ka. Mai ganga ya buga, mawaƙa suka miƙe. Ni kuwa ido a rufe, hannu a sama, bakina ya riga ya ɗauko, sai lasifika ta watsa: "...da Yakubu." Shi kaɗai, a tsakiyar waƙa. Yaron da ke kula da na'ura, wanda kullum makirufo ke mutuwa a hannunsa, ranar ce ya ga damar ƙara sauti.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wa ya ba Mama wannan iko? Matar da idan aka ba ta addu'ar abinci sai tuwo ya yi sanyi miya ta daskare. A bikin yayana ta faro daga Adamu, kafin ta iso kan ango yara sun yi barci. Littafinta ma tsohuwar fassarar 1932 ce, ɗaure da roba, duk ayar da ka karanta a sabuwa sai ta ce ba haka aka rubuta ba. Ba wanda ya taɓa yi mata Amin a tsakiya. Da na je gaishe ta a ƙofa, cewa ta yi, "Ɗana, na ga ka gaji ne, na taimaka maka."

Dattijon kuma ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce, "Sannu, yau wa'azi ya samu misali." 'Yarsa tana bayansa ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.

Yanzu yaran unguwa Yakubu suke kirana. Sakatare ya ce mako mai zuwa kwanon baiko zan riƙe, wai can ba a magana.