Ranar Da Na Gyara Abin Da Bai Lalace Ba

Shekara 22 ke nan ina gyaran talabijin da rediyo a Agege, bayan layin dogo. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce jahilci ne ya ja mini abin da ya same ni ranar Asabar. Sanin ne ya yi mini yawa.

Autan yayata yana karatun zane-zane a wata kwaleji can wajen Yaba. Ni duk zatona zanen allon shago yake koyo, ya gama ya zo ya rubuta mini suna da fenti. Sai ga kiransa: "Kawu, gobe za mu baje kolin aikinmu na ƙarshe. Don Allah ka zo, tsohuwar talabijin ɗin nan mai ƙeya da ka ba ni ma tana ciki." Na ce ashe ta yi goshi. Na zumbula babbar riga, na karya hula, na hau danfo zuwa Oshodi, daga nan na kama wata zuwa Yaba. Testa, abin gwada wutar lantarki, tana aljihun gaba kamar kullum, ko sallar Idi da ita nake zuwa.

Ɗakin duhu dunɗum. Na ɗauka wuta aka ɗauke, har na fara yi wa masu wuta addu'ar da muka saba yi musu. Ina jefa ƙafa ciki, wata murya ta tsage ta bayana: "Oshodi! Oshodi oke!" Na dafe aljihu na yi tsalle gefe. Babu kowa. A jikin bango kuwa majigi ya hasko wani ƙato mai kai uku da hula uku, shi ma dafe da aljihu. Na ɗaga hannu ɗaya, ya ɗaga uku. Na ja a'uziyya.

Auta ya iso yana ƙyalƙyala dariya. Wai kyamara ce a saman ƙofa take kama motsin mutum, kwamfuta ta juya shi ya zama hoto da sauti. In ka tsaya cak, ɗakin ya yi tsit, in ka motsa ya amsa. Ihun kwandasta kuma wai daga wurin Emeka Ogboh ya ɗauko dabarar, mutumin da ya naɗi hayaniyar Legas ya kai ta har Turai ana saurare. Na ce, "Auta, yanzu fa na sauko daga cikin hayaniyar nan, har da gyaran gwiwar wata mata a haƙarƙarina." Malamarsu ta yafito shi. Yana tafiya ya ce, "Kawu, zagaya ka gani, amma kada ka..." Kwandasta ya cinye sauran maganar.

A can lungu na hango ta. Talabijin ɗina, baiwar Allah, hoto ya murɗe kamar an matse wanki, launi ya tattaru gefe guda, tana ta gurnani. Raina ya ɓaci, domin takardar shagona tana manne a bayanta. Wato mutanen Yaba su gani su ce aikin Agege ke nan. Na matsa, sai na ga wani ƙaton maganaɗisun lasifika a ɗore a kanta. Ko yaron da ya yi sati biyu a shago ya san irin wannan talabijin daga ƙeya take harbo abin da ke zana hoto a gilashi, maganaɗisu kuwa karkatar da shi yake yi. Na ce da ƙarfi, "Wane ɗan banza ne ya yi wannan ɗanyen aiki?" Na cire shi na jefa aljihun gefe, na ɗaure wata waya da ke reto, na kai mata mari ɗaya na gyara. Hoto ya fito tas, gurnani ya ɗauke. Minti uku ban cika ba.

Na juyo ina jiran godiya, sai na ga Auta ya ɗora hannu biyu a ka. "Kawu! Wata huɗu na yi ina neman gurnanin nan!" Ashe da gangan ne. Wai wani ɗan Koriya, Nam June Paik, tun 1965 ya ɗora maganaɗisu a kan talabijin, aka kira shi gwani. Ban gama haɗiye wannan ba, na ji muryata ta cika ɗakin. Ashe akwai makirfo a lungun. Ƙaton mai kai uku yana ta nanatawa: "Ɗan banza... ɗanyen aiki... ɗan banza..." Yaran da ke jin Hausa suka durƙushe don dariya, suna fassara wa sauran.

Allah ya taimake ni aka ce a zauna, za a fara kiɗa. Wata ɗaliba ta zauna gaban piyano, ta ɗora hannu a cinya. Shiru. Hannuna ya nufi testa da kansa, Auta ya damƙe shi: "Kawu, don girman Allah, lafiyarsa ƙalau." Ya raɗa mini cewa kiɗan wani Ba'amurke ne, John Cage, na 1952. Minti 4 da daƙiƙa 33 ba a taɓa komai, duk ƙarar da aka ji a ɗakin ita ce kiɗan. Na ce to, wannan kam ba abin da zan ɓata. Na gyara zama a hankali. Maganaɗisun aljihuna ya cafki ƙarfen kujera, ƙwas! Na zabura zan miƙe, riga ta ƙi biyo ni, kujera ta yi ƙuuu a kan siminti. Da lokaci ya cika aka yi tafi, rabin ɗakin ni suke kallo.

Malamar ta ce muryata ta zauna a cikin aikin, kada a goge, amma talabijin a mayar da ita yadda take. Minti 40 na yi ina gumi, ina sassauta waya, ina jujjuya maganaɗisu, Auta yana tsaye a kaina yana cewa, "A'a Kawu, ba haka gurnanin yake ba."

Ranar Litinin ta kira ni, daga takardar bayan talabijin ta samu lambata. Wai suna da guda shida da suke so a lalata musu, nawa zan yi? Na ce kuɗin lalatawa ya ninka na gyara, don hannuna bai saba ba. Ta ce ranar Laraba za a kawo.