Ƙuraje Uku a Fenda

(Wajen gyaran jikin mota. Alhaji ya shigo da tsohuwar Peugeot 404, ya fito yana goge mata ƙura da hankici, ko da yake babu ƙurar.)

ALHAJI: Salamu alaikum, Malam. Ɗan ƙaramin aiki na kawo, ba sai ka tashi ba ma. Yaronka ya isa.

MAI WALDA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ikon Allah, 404! Ta wace shekara ce?

ALHAJI: 1968. Tun da ta baro Faransa ba wanda ya taɓa jikinta. Duba nan, bayan tayar gaba, ƙuraje uku ne suka fito wa fenda. Ka goge, ka shafa foti, ka fesa fenti, in ɗauka da yamma.

MAI WALDA: Yaro, miƙo maganaɗisu.

(Yaro ya manna shi a ƙofa, ya kama. A bonet, ya kama. Ya kai shi kan fenda, sai ƙasa, tim.)

YARO: Oga, ya ƙi.

ALHAJI: Maganaɗisunku ne ya tsufa.

MAI WALDA: Ƙarfe yake nema, ranka ya daɗe, nan kuwa bai samu ba. Bari mu ji ta bakin sukuddireba.

(Ya ɗora bakin sukuddireba a kan ƙurji na tsakiya. Ta shige har mariƙi.)

ALHAJI: Innalillahi! Ka huda min mota!

MAI WALDA: Wallahi ban tura ba, ajiye ta kawai na yi ta wuce abinta. Alhaji, wannan tsatsar daga ciki ta taso. Taya tana watso laka da ruwa, su maƙale a lungun nan na baya, ba sa bushewa. Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri, shi ya sa take turo fenti ya kumbura. Ranar da ka ga ƙurji a waje, ta riga ta gama da ciki.

YARO: Oga, foti ne a nan, kaurinsa ya kai yatsa biyu. Ga ragar waya. Ga jarida an cusa. Kai, har da ambulan! An rubuta, "Zuwa ga Alhaji..."

ALHAJI: Kawo nan, marar kunya! Ba a karanta wasiƙar mutane.

MAI WALDA: Ai ka ce ba wanda ya taɓa jikinta.

ALHAJI: Na ce ba wani. Ni ai ba wani ba ne, mai ita ne.

(Mai walda ya kankare fenti har ƙarfe ya fito fari, ya ɗauki alli ya zagaye wurin.)

ALHAJI: Tsaya, tsaya. Ramin bai kai tafin hannu ba, ka zana fili kamar za a yi gini. Rage.

MAI WALDA: Ba zai ragu ba. Sai na wuce bakin tsatsa da kamar santimita 2 ko 3, inda ƙarfe yake da cikakken kaurinsa. Ƙarfen da ya sirance ba ya ɗaukar walda, ina kai masa wuta zai ɓule, in toshe nan, can ya buɗe.

ALHAJI: To me ya sa ka lanƙwasa kusurwoyin? Layi miƙaƙƙe bai fi sauri ba?

MAI WALDA: Kusurwa mai tsini tana tara zafi wuri ɗaya. Yaro, cire kan batir. Ka kankare baƙin kwaltan da ke bayan fenda, ka janye wayoyin fitila, ka kawo abin kashe gobara kusa.

ALHAJI: Gobara kuma? Faci na kawo, ba yaƙi ba.

MAI WALDA: Kwaltan nan kama wuta yake ta baya, kai kana gaba kana yabon aikinka.

(An yanke. Alhaji ya kau da kai har giranda ta yi shiru. Mai walda ya ɗora kwali a kan ramin yana zanawa yana yanka da almakashi.)

ALHAJI: Yawwa! Allah ya yi maka albarka. Da kwali za ka toshe ashe? To ai da ka faɗa tun farko, da ba mu yi musu ba.

MAI WALDA: Awo nake ɗauka, Alhaji. Da shi zan fitar da sabon ƙarfe daidai bakin ramin.

ALHAJI: Sabon ƙarfe? Kar ka sayi komai. Akwai ragowar kwanon rufi a but, na zo da shi saboda irin haka.

YARO: Oga, har da ramukan ƙusa a jikinsa.

ALHAJI: Wa ya tambaye ka?

MAI WALDA: Kwano ya yi siriri, sannan an lulluɓe shi da zinki. In wuta ta taɓa zinki, farin hayaƙi yake fitarwa, wanda ya shaƙa ya kwana da zazzaɓi. Jikin motar nan kusan milimita ɗaya ne, facin ma dole ya zama haka, ƙarfe iri ɗaya, kauri ɗaya.

ALHAJI: To ka yanko shi da ɗan faɗi, ka ɗora a kai, ka zagaye. Ko tela haka yake yi.

MAI WALDA: Ruwa ba ya kwana a tsakanin facin tela. In na ɗora ƙarfe kan ƙarfe, danshi zai shiga tsakani ya zauna, tsatsa ta dawo da 'yan uwanta, kuma tudun ya nuna ta cikin fenti. Baki da baki zan haɗa su, da ɗan tsakani siriri da wayar walda za ta cike.

(Ya lanƙwasa facin a hankali har ya bi kwanar fenda, ya gwada, ya cire, ya ɗan rage, ya sake gwadawa. A nan ne rabin aikin yake, kuma a nan ne Alhaji ya duba agogo sau babu adadi. Can aka ji tas. Ɗigon walda ɗaya. Mai walda ya tsallaka ɗaya gefen, tas. Sai ya ajiye ya zauna.)

ALHAJI: Lafiya? Wuta aka ɗauke?

MAI WALDA: Jira nake ya huce.

ALHAJI: Ɗigo biyu ka yi ka gaji? Ja layi ɗaya zuuu ka gama mana! Ko da awa kake lissafi?

MAI WALDA: Yaro, ɗauko guntun ƙarfen can ka ja wa Alhaji layi ɗaya zuuu.

(Yaro, wanda ya daɗe yana jiran ranar da za a ce ya ɓata abu da izini, ya ja. Ƙarfen ya murɗe, tsakiyarsa ta ɓule.)

YARO: Ga shi, Alhaji. A yi wa motar haka?

ALHAJI: ...Malam, huta. Huta sosai. In kawo maka kujera?

MAI WALDA: Wayar waldata ma siririya ce, milimita 0.6, duk don kar zafi ya yi yawa. Ɗigo nan, ɗigo can nesa, in bari har in iya dafa wurin da hannu, sannan in koma tsakaninsu. Haka har ɗigo ya haɗe da ɗigo.

(Ya sa dunƙulen ƙarfe ta baya, yana ɗan buga kan ɗigon da guduma.)

ALHAJI: Yanzu kuma me ta yi maka kake dukanta?

MAI WALDA: Walda in ta huce tsukewa take, ta jawo ƙarfen gefe. Da guduma nake miƙar da ita.

(Washegari. An gurje kan waldar kaɗan-kaɗan har ta yi daidai da jiki. Yaro ya haska tocila ta baya, haske ya leƙo ta 'yan ramuka biyu, aka toshe su. An shafa firama, wato fentin farko mai kare ƙarfe, gaba da baya, aka bi da foti shafal-shafal, wanda maganaɗisu ke kamawa ta cikinsa.)

ALHAJI: Ka manta rami ɗaya a can ƙasa.

MAI WALDA: Wannan kamfani ne ya yi shi, don ruwa ya fita. Wani ne ya toshe shi da foti, shi ya jawo duk wannan.

ALHAJI: Mutane ba su da tsoron Allah.

YARO: Oga, ko shi ma mai ambulan ɗin ne?

ALHAJI: Malam, yaron nan naka ba zai yi nisa a sana'a ba.

(Bayan an yi fenti. Alhaji ya zagaya fenda, ya tsuguna, ya shafa, ya karkata kai ya hango ta gefe, ya sake shafawa.)

ALHAJI: Ina facin?

MAI WALDA: Yana nan inda hannunka yake.

ALHAJI: Ban ga komai ba.

MAI WALDA: Alhamdulillahi, abin da ake so ke nan.

ALHAJI: Abin da kai kake so. Ni kuma in biya kuɗin abin da ban gani ba? Wancan na da, ko daga nesa kana ganin an yi aiki.

MAI WALDA: Gaskiyarka. Yaro, jona giranda, mu yanko wa Alhaji facinsa ya gani da idonsa.

YARO: An gama, Oga!

ALHAJI: (ya faɗa kan fenda ya rungume ta) Kai! Kashe abin nan! Na gani, wallahi na gani, ga shi nan ɓaro-ɓaro!

MAI WALDA: To sai biya.

ALHAJI: Zan biya. Amma tukuna, ina ƙarfena da kuka yanke? A auna shi a cire daga lissafi.

YARO: Na share shi, Alhaji, gari ne. Sai dai jaridar da ragar.

ALHAJI: Naɗe min su. Ɗaya fendar ma ta fara ƙuraje.