Ranar da Bunaji ta haɗiye kayan gwamnati

Tunda bidiyon ya zaga har ya kai wayar gwaggona, gara ku ji daga bakina, don wanda ya ɗauka ya san abin da ya yanke.

Jarrabawar aiki da hannu ce ta 'yan shekara ta biyu, a gonar makaranta, tsakiyar damina. Kowa za a ba shi dabba ɗaya ya auna zafin jikinta, ya ƙirga numfashi da bugun jini, ya ji motsin tumbi, ya buɗe baki ya faɗi shekarunta. Maki goma. Ni kuwa na kwana a kan littafi: zafin lafiyayyar saniya tsakanin 38 da 39, tumbi a kwiɓin hagu yake kuma yakan motsa sau ɗaya ko biyu a minti, haƙoran gaba takwas ne duk a ƙasa, na dindindin biyun farko suna fitowa wajen shekara biyu. Ko cikin barci aka tashe ni sai na kawo su. Aka raba dabbobi, wasu suka samu tumaki 'Yankasa, shugaban aji ya samu jar akuyar nan da ko yaron goye zai riƙe. Ni aka nuna min farar saniyar nan Bunaji mai karkataccen ƙaho. 'Yan ajinmu sun san ta, ba sai na yi bayani ba.

Abin da bidiyon bai nuna ba shi ne tamomitan da aka miƙo min. Na gilashi ne, kuma kowanne a akwatin yana da zare a gindinsa da ɗan maƙali, don in ka sa shi a duburar saniya ka maƙale zaren a gashin wutsiya. Tun makon farko Malam ya faɗa mana dalilin zaren. Nawa ba shi da zare. Ramin yana nan, zaren ne babu. Kuma na san inda yake, wallahi na sani. Yana ɗaki na bakwai yana riƙe da kusurwar gidan sauron wani bawan Allah, da maƙalin da komai, da idona na gani. Wannan mutumin da ya ci min garin kwaki rabin kwano ya ce ɓera ne. Wannan da aka kai mu mayanka, mai duba nama ya tsaga hantar wani sa ya matso tsutsotsin hanta suna motsi, shi kuwa ya sulale a kan kwata sai da muka yi masa fifita da littafin rajista. Babu wanda ya ɗauki bidiyonsa ranar, saboda mu 'ya'yan mutunci ne. Shi ne fa yau yake turo min hoton saniya kullum bayan asuba.

To, aka shigar da ita matsattsen shingen ƙarfe, Baba makiyayi ya riƙe ta ta hanci. Na girgiza tamomita, na shafa masa mai, na ɗaga wutsiya, na tura shi a hankali na karkata shi ya jingina da bangon hanji, don in ya tsaya a tsakiyar kashi zafin kashi za ka auna. Duk yadda aka koya. Na riƙe gindinsa da yatsu biyu. Sai Malam ya ce kada in ɓata masa lokaci, in ƙirga numfashi kafin tamomita ya gama. Na mai da ido kan haƙarƙarinta, na kalli agogo, ɗaya, biyu, uku. Wajen na bakwai ta ja wani dogon numfashi, na ji wani santsi ya wuce tsakanin yatsuna, a hankali, ba gaggawa. Na waiwayo. Yatsu biyu suna nan a haɗe yadda na bar su, babu komai a tsakani.

Na duba ƙasa. Na duba aljihu, ban san me ya sa ba. Na sake ɗaga wutsiya na leƙa.

"Kai, nawa ka samu?" in ji Malam, bai ko ɗago daga takardarsa ba.

"Yallaɓai, ya shiga."

"Wa ya shiga?"

"Tamomitan, yallaɓai."

Ya ɗago, ya cire tabarau, ya ninke shi, ya sa a aljihu. Duk wanda ya zauna ajinsa ya san wannan ninkewar. "Kayan gwamnati yana ciki," in ji shi, "kai kuma me kake jira a waje?"

Aka kawo doguwar safar leda mai kaiwa kafaɗa. Mu sai a zango na gaba za mu fara gwajin ciki ta dubura, abin da na sani a kai zane ne a allo. Malam ya tsaya gefe yana ba da umarni, ga dukkan alamu ya samu darasi kyauta: haɗa yatsu su yi tsini kamar mai ɗibar gishiri, shiga a hankali, in ta matse ka tsaya sai matsin ya wuce, kada ka yi kokawa da hanji don yana iya yagewa, kuma gilashi ne a ciki. Waɗanda suka gama da tumakinsu duk suka taso. 'Yan mata a gaba, har da wadda kuka sani, ta rufe baki da gefen hijabi. Wuyan hannu ya shige, gwiwar hannu ta shige. Ba wanda ya taɓa gaya min akwai ɗumi haka a ciki, ko kuma saniya na iya matse hannun mutum har yatsunsa su mutu. Kuncina ya kusa manne da ƙugunta, ina kallon sama ina laluben abin da bai fi tsawon biro ba.

Ku tuna damina ce. Makonni tana kiwon ɗanyar ciyawa, babu harawa babu dusa, kuma wanda ya taɓa share garke ya san bambancin kashin rani da na damina.

Baba ya ce, "Yaro, kauce, za ta yi tari."

Daidai lokacin ɗan yatsana ya taɓa wani abu mai tauri. Na buɗe baki, baki fa, na ce, "Yallaɓai, na taɓ..."

Ta yi tarin.

Ban ji zafi ba, ƙara na ji, sai duniya ta yi kore. Daga gira zuwa aljihun riga, cikin kunnen dama, bayan kunnen, har cikin hula ta ƙasa, wanda har yau ban gane ta inda ya bi ba. Na kasa ja da baya don hannuna yana ciki har kafaɗa kuma ta matse. Na tsaya a haka, ido ɗaya a rufe, bakin da na buɗe na rasa ko in rufe shi ko in bar shi, kowanne da matsalarsa. Shiru ya ɗan yi, har ina jin tattabaru a rufin rumbun abinci. Sai wata daga baya ta ce "Innalillahi" da muryar da ke rawa, shi ke nan aji ya fashe. Shugaban aji ya saki akuyarsa ta gudu. Malam ya juya baya yana duba wani abu a jikin bishiyar darbejiya, kafaɗunsa suna motsi. Saniyar kuwa ta ci gaba da tuƙa.

Abin da na taɓa ɗin ma ashe ba tamomita ba ne, ƙashin ƙugunta ne. Tamomitan ya fito da kansa tare da ambaliyar, ya wuce ta gefen kunnena ya faɗa kan ciyawa, ko tsagewa bai yi ba. Baba ya ɗauka, ya goge a ganye, ya miƙo min da ladabi.

Baban nan ma ina da magana da shi. Tun kafin a haifi Malam yake bin shanu. Ya ga bushiya, annobar shanun 1983 da ta share garkunan Arewa, yakan ce da idonsa ya ga mai shanu ɗari ya koma gida da sanda kaɗai. Saboda haka allurar rigakafin da ke zuwa daga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom yana girmama ta, ranar da Malam ya gaya masa tun 2011 aka sanar babu sauran bushiya a duniya har hannu ya ɗaga sama. Mu ɗalibai ne dai bai ɗauke mu bakin komai ba. Ya ga tarin yana tahowa tun daga wuyanta, shi da ke riƙe da hanci, amma sai da ya rage ƙiftawar ido ya yi magana, kuma a hankali, kada ya firgita saniya. Da na tambaye shi daga baya, cewa ya yi, "Ai da ka tambaye ni tun farko. Hancinta da danshi, tana tuƙa, lafiyarta ƙalau. Me za ka nema a bayanta?"

Malam ya juyo ya ce in karanta. Na share ido da kafaɗar hagu, ita kaɗai ta rage fara, na karanta 38.6. Ya ce daidai, sai numfashi. Na ce yallaɓai na tsaya a bakwai. Ya rubuta wani abu. Haƙora kuwa da na zagayo gaba zan buɗe bakinta, ita ta kau da kai daga gare ni.

Huɗu na samu. Na ɗaki na bakwai ya samu takwas da tunkiyar da ko motsi ba ta yi. Mai keke ya ƙi ɗauka ta, na taka har ɗakin kwana, yaran unguwar ma'aikata suna bina a baya. Da dare Umma ta kira tana "Dokta, ya jarrabawa", duk da na sha gaya mata masu zama dokta shekara shida suke yi a jami'a, irin su Zariya da Sakkwato, mu difloma ce, mu ne masu riƙe wutsiya.

Farar rigar ma ta aro ce. Na jiƙa ta da omo da bilic, koren ya koma ruwan ɗorawa ya tsaya nan. Mai ita ya ce dubu shida. Ina da dubu biyu, kuma a ganina rabin kuɗin nan a ɗaki na bakwai ya kamata a nema, amma ya ce zaren gidan sauronsa daga gida ya zo da shi.