Hulata ta kama mini wuri a tsakiyar teku

Kafin tafiyar nan, ruwa mafi girma da na taɓa shiga shi ne tabkin Tabalak, shi ma a kwalekwale, ina riƙe da rigar mai tuƙi. Na shekara talatin ina kai albasar Galmi Abijan, na sha ganin teku, amma daga nesa muke gaisawa. Kwatsam sai babban yaron gidana da ke aiki a Faransa ya bugo waya, wai ya biya mana ni da Hajiya kwana bakwai a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa. Na ce ina jirgin zai kai mu? Ya ce daga birnin Marsay na Faransa zai tashi, ya bi ta Italiya da Sifaniya, ya komo Marsay. Na ce wato inda aka ɗauke mu nan za a sauke mu? Ya ce ƙwarai, Baba. Na yi shiru, don ba a doguwar magana da ɗan fari.

Daga Tawa muka bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso muka sauka Yamai, na sayi kilishi mai yawa na guzuri. A filin jirgin Turai aka karɓe shi tas, wai ba a shiga musu da nama. Abin da ya tsira shi ne garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino da yaji. Ku riƙe wannan garin a ranku, don ya yi aiki.

Jirgin kuwa unguwa ce guda a kan ruwa, bene kan bene. Mu aka kai can sama, ɗakin da suke kira swit, wato ciki da falo, har da baranda mai kallon teku. Yaron da matarsa suna can ƙasa a wani ɗaki marar taga, kuma katinsu ba ya buɗe ƙofar sashenmu. Kafin mu rabu ya miƙo mini nawa katin ya ce, "Baba, a nan ba a taɓa kuɗi. Wannan shi ne makulli, shi ne aljihu. Duk abin da aka saya a kansa ake rubutawa, ya faɗo kaina." Wannan magana ta ƙarshe ita na riƙe, sauran duk iska ta kwashe.

Muna shiga sai ga wani mutum da baƙar kwat da farar safar hannu, ya rusuna, ya ce shi ne mai hidimar ɗakinmu dare da rana. Ya kai mu ya nuna mana wani gidan abinci na mutanen swit kaɗai: fararen ƙyallaye a tebur, kofunan gilashi uku-uku, cokula a jere kamar kayan aikin likita. Ya yi ta zuba Faransanci, daga ƙarshe ya ce, "Se kwampiri, misye." Ni Faransancina na kasuwar Abijan ne, a can kuma kwampiri na nufin ka gane. Na ce na gane sarai. Abin da na gane shi ne mutum mai farar safa ba ya rusuna maka a banza, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa.

Muka koma ɗaki na kafa doka. Na ce, "Hajiya, yaron nan guminsa ne. Kada wanda ya ƙara yi mini maganar abincin Nasara." Kwana uku ina jiƙa gari a kofin gilashi, in marmasa ƙuli-ƙuli, in zauna a baranda ina kallon Bahar Rum. Mai safa ya ƙwanƙwasa da safe, zai kawo kalaci? Mersi. Da la'asar ya shigo da tire na 'ya'yan itace, in nuna masa ƙofa. Har tausayi ya fara ba ni, yadda yake fita kamar wanda aka yi wa rasuwa. In mun sauka gari yawo yaron ya ce, "Baba, abinci dai lafiya?" in ce alhamdu lillahi. Shi da kunya, ni da kunya, magana ta mutu a nan.

Ran Talata gari ya ƙare. Na fita neman abin da talaka zai iya, ina leƙe-leƙe, sai na yi karo da wani ɗan lungu: faffaɗan ƙarfe a tsakiya, kujeru kewaye da shi, ba ƙyalle, ba gilashi uku. Na ce yauwa, ga mai shayi da ƙwai. Duk inda ake soya abu a gabanka, nan ne wurin araha, haka yake daga tashar Tawa har Abijan. Wurin ba kowa, la'asar ce. Na yi abin da kowane mai hankali yake yi a tasha: na cire hulata na ɗora a kujera ɗaya, carbi a ta kusa da ita, na tafi.

Bayan magariba muka zo da Hajiya, kujeru cike da Italiyawa, ba hula ba carbi. Wata yarinya a bakin ƙofa da ƙaramar kwamfuta a hannu ta ce, "Rezabasiyo?" wato na kama wuri? Na nuna mata sanƙona. Ta duba kwamfuta, ta dubi sanƙo, ta ce wurin ya cika, wasu tun kafin jirgi ya tashi suka kama ta intanet. Na ce ni ma na kama, tun la'asar, da shaida. Murya ta fara tashi, sai ta ga launin katina ta ɗauki waya. Ba a jima ba sai ga mai safa da hulata a kan tire, carbi a nannaɗe a gefe, fuskarsa kamar an yi masa albishir da Hajji. Ya yi magana biyu, aka ce ƙarfe 9 akwai kujera biyu. Na dubi Hajiya na ce, "Kin ga kwarjini." Ashe mutanen swit ake fara ba wa wuri a irin waɗannan gidajen, kuma kama wurin yana cikin aikin mutumin da nake kora kwana uku.

Mai suyar ya iso da doguwar hula, wai girkin Japanawa ne. Ya yi ta wasa da wuƙaƙe, yana cilla ƙwai sama yana cafewa. Muka ce kifi da shinkafa, don naman ban san wanda ya yanka ba. Sai ya ɗauko albasa. Nan na gyara zama. Fara ce, mai ruwa, ko hawaye ba ta sa shi ba. Da ta Galmi ce mai launin shuni, da Italiyawan nan sun nemi hankici. Ya yanka ta zobe-zobe, ya jera kamar rumbu, ya tsiyaya mai a ciki, ya ƙyasta wuta. Harshen wuta ya tashi, jama'a suka ɗau tafi, ni kuwa na ce, "Asara!" da ƙarfi. Ya ɗauka yabo ne, ya rusuna mini.

Washegari yaron ya same ni yana sosa ƙeya. "Baba, ashe kun je wajen Japanawa?" Yuro 40 kowane mutum. Yuro ɗaya kuwa sefa 655 ne da 'yan kai, na buga a kaina: jika hamsin da biyu da ɗoriya, a kan shinkafa da ƙonanniyar albasa. Ya ce ba komai, sai dai ya yi mamaki, tunda namu na sama an riga an biya, safe da rana da dare, ba a kama wuri, ba a sa maka lokaci, har wanda ake kawowa ɗaki. Na ce an biya? Ya ce, "Ba a ce muku kwampiri ba? Ai yana cikin kuɗin ɗaki ke nan."

Na juya wajen Hajiya in ga ko ta girgiza kamar ni. Tana gyara mayafi ta ce, "Ni tun ran Lahadi nake ci, Alhaji. Na tambayi surukata. In ka yi barcin rana nake hawa." Na ce ba ki faɗa mini ba? Ta ce, "Kai ka hana a yi maka maganar. Kaza ta kwana kan dami, ni mene ne nawa?"

Kwana ukun da suka rage na rama. Ma'aikatan wurin duk sun san Hajiya, har da teburinta na gefen taga, ni suka riƙa yi wa barka da zuwa.

Ban san wanda ya kai labarin fadarmu ta shayi a Tawa ba, ko da yake ina da wadda nake zargi. Ranar da na fara fita, na tarar da hula a kan kujerata. Na kai hannu zan ɗauke, sai mai dafa shayi ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, rezabasiyo?"